Amsa Ga Mai Sauraro: Me Ya Sa Yaro Ke Cewa "Three Bag"?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi mai fataucin hatsi a ƙasar Ɗambatta. Ya ce ɗansa na aji huɗu ya faɗi jarrabawar Turanci a kan tilo da jam'i, shi kuwa bai yi boko mai zurfi ba. Yana tambaya, yaya zai taimaka masa?

To Malam, kwantar da hankalinka. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, Hausarsa ce ke bin sa cikin Turanci. Mu mukan ce buhu uku, kwando biyar, domin lamba ta riga ta nuna yawa. Bature kuwa bai yarda da haka ba. Da abu ya wuce ɗaya, dole sunan ya sauya: one bag, three bags. Wannan s ɗin na ƙarshe shi ne tushe, sai ya zauna masa daram kafin a ci gaba.

Daga nan sai kalmomin da ke ƙarewa da s, x, ch ko sh, waɗanda ake ƙara musu es: box, boxes, match, matches. Haka tomato, tomatoes. Lorry takan koma lorries, amma donkey sai dai donkeys, saboda akwai wasali kafin y ɗin. Wuƙa kuwa knife, knives.

Akwai kuma masu taurin kai: man, men, child, children, foot, feet. Sheep ba ta sauyawa ko tumaki ɗari ne. In ya yi ƙorafi, tuna masa yadda akuya ta zama awaki, ai babu wanda ya ba shi dalili, a baki ya koya. Shinkafa, gero da kuɗi, wato rice, millet da money, ba a sa musu s, sai dai a ƙirga mudu ko buhu.

Shawarata, Malam, kada ka tara masa duka a rana guda. Ran kasuwa tafi da shi, ya riƙa ƙirga buhuna da kwanduna da Turanci da ƙarfi, kai kuma ka kasa kunne ka ji ko s ɗin ya fito. Kalma biyar a rana ta isa, kuma banda bulala. Allah ya buɗa masa ƙwaƙwalwa, amin. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.