Hanta Na Sake Girma, Kuma Ta San Inda Za Ta Tsaya, In Ji Likita

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani likita ya gabatar wa 'yan uwa a wata makaranta da ke kusa da Ƙofar Doka, cikin Birnin Zariya.

Likitan ya fara da cewa a 1931 wasu masana biyu a Amurka, Higgins da Anderson, sun yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓera, kafin kwana goma ta koma nauyinta. Ya ce ba wurin da aka yanke ne ke tohowa kamar reshen bishiya ba. Abin da ya saura ne ke girma har ya cike gurbin.

Ya bayyana cewa kowace ƙwayar hanta tana ɗauke da rubutaccen umarni na gado, amma ba dukkansa ake karantawa kullum ba. Da zarar an yi yankan, cikin 'yan awoyi sai umarni fiye da 100 da ke rufe su buɗe, ƙwayoyin da suka daɗe a zaune su shiga rabuwa biyu-biyu. Wani sinadari mai suna HGF ne ke zaburar da su.

A nan likitan ya ɗan dakata, ya ce abin mamakin shi ne tsayawar. Idan hanta ta kai daidai da jikin mai ita, wasu sinadarai irin su TGF-beta kan ja linzami. Ya ce, "Girma ba linzami shi ne ciwon daji."

Daga nan ya dawo gida. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu suna ɗauke da gubar aflatoksin, wadda a 1991 aka gano tana lalata p53, ɗaya daga cikin umarnin da ke hana ƙwaya wuce gona da iri. Idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, wanda ke sa hanta gyaran kanta shekara da shekaru, haɗarin ya ninka. Abin takaici, da yawa sai ciki ya kumbura ake kai su asibitin Shika.

Ya ja hankalin iyaye a kan rigakafin nau'in B, da ake yi wa jarirai a Nijeriya tun 2004, cewa a yi allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, kada a jira ranar suna. Manya kuwa su je gwajin jini, mata kuma su tsince gyaɗar da ta canza launi kafin a kai inji.