Itatuwan Gandun Dajin Yankari

Jama'a, duk wanda ya ji an ambaci Yankari, giwa da ɓauna ne ke fara zuwa masa a rai. Alhali kuwa itatuwan dajin su ne ke ciyar da wasu daga cikin dabbobin nan, su ba su inuwa da maɓoya.

An keɓe wannan daji na Jihar Bauchi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita 2,200, kuma kogin Gaji ya ratsa shi. A kan tudu, matafiyi zai riƙa cin karo da kawo da marke da taura da taramniya. In ya gangara bakin kogi, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima, sai ya tarar daji ya yi duhu, nan ne kuma dabbobi kan taru da rani. Giwa, wadda manoma ke kuka da ɓarnarta, ita ma mai shuka ce, domin takan ci 'ya'yan itace ta kai irin nesa cikin kashinta.

Itacen da ya fi bukatar a kula da shi shi ne madobiya. Ana gane ta da furenta ruwan ɗorawa, wanda kan fito da rani bayan ganye ya zube, da kuma jan ruwan da ke fita in an sare ta, kamar jini. Makiyaya sun san amfanin ganyenta ga shanu sa'ad da ciyawa ta ƙare. To, katakonta yana da daraja ƙwarai wurin masu yin kujeru na alfarma a ƙasar Sin, don haka aka yi ta sare ta ba ƙaƙƙautawa a dazuzzukan Afirka ta Yamma, har da Nijeriya. A 2016, ƙasashen duniya suka zauna a Johannesburg, suka sa ta cikin itatuwan da ba a fitarwa waje sai da izni. Itacen da ya shekara aru-aru yana girma, injin yanka kan kayar da shi kafin a gama gaisawa.

Gobarar daji ma abokiyar gaba ce. Manyan itatuwa kan jure mata, amma tana ƙone ƙananan da za su gaje su.

Saboda haka ana roƙon mutanen ƙauyukan da ke kewaye da gandun, duk wanda ya ji ƙarar injin yankan katako a ciki, ko ya hangi wuta, ya hanzarta sanar da dagaci ko ma'aikatan gandun daji.