Tauraron da ke Ruruwa ya Lafa



A shekarar 1896 wata ma'aikaciyar ɗakin nazarin taurari na Harvard, Louisa Wells, ta gano wani tauraro mai ban al'ajabi da ake kira SS Cygni. Yakan yi kamar mako 7 a dushe, sa'an nan cikin kwana ɗaya ko biyu haskensa ya ninka wajen sau 40. Bayan mako guda ko biyu sai ya lafa. Irinsa masana ke kira ƙaramar nova.

Haƙiƙa taurari biyu ne, suna kewaya juna cikin sa'a 6 da 'yan kai. Ɗayan, farin wada, girmansa kamar na duniyarmu ne, amma nauyinsa ya kusa na rana. Yana janyo gas daga abokin tafiyarsa, gas ɗin kuwa ya riƙa kewaya shi kamar faifai. A 1974 masanin Japan, Yoji Osaki, ya ce wannan faifai shi ne tushen al'amarin: gas yana taruwa cikinsa kamar ruwa a bayan madatsa, in ya cika sai ya ɗau zafi, ya kwarara kan wadan.

Ina shaida? In aka rarraba hasken tauraron launi-launi kamar bakan gizo, lokacin lafawa za a ga layukan haidirojin suna ƙyalli, alamar gas marar kauri. Da ruruwa ta zo, hasken yakan karkata zuwa shuɗi, layukan su dushe, har su zama baƙaƙe masu faɗi. Wato faifan ya yi zafi ƙwarai, haske ba ya ratsa shi.

To, amma bayanin nan ya taɓa shiga haɗari. Awon madubin Hubble ya sa nisan tauraron kusan shekarar haske 520. In haka ne, haskensa na ainihi ya yi yawan da faifan ba zai taɓa hucewa ba. A 2013 aka bayyana sabon awo na na'urorin rediyo: kimanin 370 ne. Bayanin ya tsira. Da yake sai lokacin ruruwa tauraron ke fid da siginar rediyo sosai, masu kallon taurari don sha'awa su ne suka yi ta gadinsa dare bayan dare, suna sanar da masana.

'Yan'uwa, komai kyan bayani, awo ke yi masa hukunci, awo kuwa sai da mai haƙurin kallo. Gobe a ofis ko a aji, kada mu raina wannan aiki.