Tajikistan: Ƙasar Duwatsu, Ruwa da 'Yan Ci-rani

 

Tajikistan ƙasa ce a tsakiyar Asiya mai faɗin murabba'in kilomita kusan 143,000, da mutane kimanin miliyan 10. Afganistan na kudu da ita, Sin a gabas, Kirgistan a arewa, Uzbekistan a yamma, kuma ba ta da mafita zuwa teku ta ko'ina. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar duwatsu ne. A tsaunukan Pamir akwai ƙololuwar Isma'il Somoni mai tsawon mita 7,495. Abin da ya rage na ƙasar noma ɗan kaɗan ne, a cikin kwaruruka, kuma auduga ta cinye wani babban yanki nasa tun zamanin Tarayyar Sobiyet.

Mutanenta Musulmi ne, mafi yawansu 'yan mazhabar Hanafiyya, sai mazauna Pamir waɗanda galibinsu Isma'iliyya ne. Harshensu reshe ne na Farisanci, amma da haruffan Rasha suke rubuta shi. Bukhara, garin Imamul Bukhari da kowane almajirin hadisi ya san sunansa, tsohuwar cibiyar masu wannan harshe ce, sai dai da aka shata iyakoki a zamanin Sobiyet ta faɗa cikin Uzbekistan. Ƙasar ta sami 'yanci a 1991, ta faɗa yaƙin basasa daga 1992 zuwa 1997, kuma Emomali Rahmon ne ke riƙe da ita tun 1992.

Yanzu bari mu zo kan ruwa, domin a nan ne jigon maganata yake. Ƙanƙarar da ke daskare a kan duwatsun nan ita ke ciyar da kogunan Panj da Vakhsh, waɗanda ke haɗuwa su zama Amu Darya. A kan Vakhsh aka gina madatsar Nurek mai tsawon mita 300, wadda ke ba da mafi yawan lantarkin ƙasar. To amma ƙanƙara da bazara take narkewa. Da hunturu kogi ya ja baya, daidai lokacin da sanyi ke ratsa ƙashi, sai a shiga rabon wuta. Ƙauye ya samu awoyi kaɗan da safe, kaɗan da yamma. Iyali su tattaru a ɗaki guda kusa da murhun ƙarfe, ana cusa masa gawayin kwal ko busasshen kashin shanu, yara na bitar karatu da 'yar fitila. A daidai wannan lokaci masana'antar alminiyam ta Tursunzoda na shan kaso mai tsoka na wutar, alhali ko ɗanyen kayan da take narkawa daga waje ake shigo da shi. A ganina wannan rabo bai yi wa talakan ƙauye adalci ba.

Gwamnati ta ɗora burinta kan madatsar Rogun, wadda aka tsara za ta kai mita 335, ta zarce kowace a duniya. An kunna injinta na farko a 2018. Uzbekistan, wadda gonakin audugarta ke jiran wannan ruwa, ta daɗe tana adawa da aikin a zamanin shugabanta Islam Karimov, har ta riƙa tsare taragun jirgin ƙasa masu kai kaya Tajikistan, ta kuma yanke mata iskar gas. Sai bayan 2016 al'amura suka lafa. 'Yan uwanmu na Nijar da suka ga abin da rufe iyakar Benin ya yi wa farashin kaya a 2023 ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Tunda gona ba ta isa ba, masana'antu kuma ba su da yawa, sai maza suka kama ci-rani. Dubban ɗaruruwa ke tafiya Rasha, suna aikin gini, shara, dako da tuƙi. Kuɗin da suke aikowa gida ya haura kashi ɗaya bisa uku na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, wasu shekarun ma ya kusa rabi. Mata da tsofaffi ke riƙe da gona da tarbiyya. Idan kuɗin Rasha ya faɗi, tukunya a ƙauyukan yankin Khatlon ce ke fara ji. Bayan harin da aka kai wani zauren taro kusa da Mosko a watan Maris na 2024, wanda aka zargi wasu 'yan ƙasar da kai shi, an tsananta wa 'yan Tajikistan bincike da kora, mai laifi da marar laifi.

Saboda haka ni ba da tsawon bangon Rogun zan auna nasararta ba. Zan auna ta ne da wutar da za ta kai ƙauye a watan Janairu, da aikin da za ta samar wa saurayin da ke shirin sayen tikitin Mosko. Ina roƙon ɗalibanmu na sashen labarin ƙasa su sa ido kan waɗannan abubuwa biyu a shekaru masu zuwa.