Yadda Kwamfuta Ke Karanta Wa Makaho Fuskarta

Makahon da ke aiki da kwamfuta yana dogara ne ga wata manhaja wadda ke karanta masa abin da ke fuskar na'urar da murya. To, ta yaya manhaja guda ke sanin abin da wata ta rubuta?

Harsuna irin su C#, wanda Microsoft ya fitar tare da .NET a shekarar 2002, suna aiki ne a ƙarƙashin mai kula. Shi ke ba manhaja wurin ajiya, ya share shi in an gama, ya kuma hana ta taɓa abin da ba nata ba. Amma Windows kansa an gina akasarinsa da C da C++, inda babu wannan mai kula, kuma labarin tagogin da ke buɗe yana hannunsa. Tilas manhajar ta fita ta tambaye shi.

Hanyar fitar ana kiranta P/Invoke, aikinta kuwa irin na tafinta ne. Kowace taga tana da lambar da Windows ya ba ta. Manhaja za ta kira FindWindow daga cikin user32.dll ta sami lambar, sa'an nan ta kira GetWindowText ta karɓi sunan tagar. Sai dai lalle ta tanadi wurin da za a zuba haruffan, ta faɗi girmansa daidai. In ta faɗi fiye da abin da ta tanada, rubutu na iya malalewa kan ajiyar da ba tasa ba, manhajar ta rushe, makahon kuwa ya ji shiru.

Har ila yau, manhajoji da yawa na zamani su ke zana maɓallansu da kansu, ba su da lamba. Saboda haka Microsoft ya fito da Active Accessibility a 1997, daga baya kuma UI Automation, inda kowane maɓalli ke bayyana sunansa da aikinsa. NVDA, wadda Michael Curran, wani makaho ɗan Ostireliya, ya fara a 2006 da harshen Python, da irin waɗannan hanyoyi take tambayar Windows, kuma kyauta ake samunta.

Amma maɓallin da mai shirya shi bai raɗa wa suna ba, babu tafintan da zai iya faɗinsa. Wannan nauyi yana wuyan masu rubuta manhaja. Mu kwana nan.