Masu Yanke Mana Shinkafa: Matasan Jimeta da 'Yan Ƙwadagon Bakin Binuwai



Duk wanda ya taɓa sammako da rani ya bi ta Jambutu ya gangara Geriyo, ya ga mutanen da zan yi magana a kansu, suna duƙe cikin ruwa suna dashen shinkafa. Wasunsu 'yan cin rani ne daga ƙasar Hausa da Nijar, wasu daga Kamaru. Da yawa kuma 'yan uwanmu ne na Madagali da Michika da Gwoza, waɗanda suka gudo a 2014, shekarar da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram. Garin nan na Yola ya karɓe su a Malkohi da Damare da harabar cocin St. Theresa da gidajen jama'a. Amma mutumin da ya baro rumbunsa cike da dawa, yau ɗan ƙwadago ne a gonar wani.

Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne jinga. Da baki ake yin ta, ba takarda, ba shaida. Na taɓa tsayawa a bakin wata gona inda samari huɗu suka gama yankan shinkafa, mai gona ya ce sai ya sayar zai biya. Da ya tashi biya, ya zabtare rabi, wai an yi masa ɓarna. Na ce su je wurin jauro. Babbansu ya ce mini, "Malam, mu baƙi ne, idan muka kai ƙara gobe wa zai ɗauke mu aiki?" Har yau maganar nan ba ta bar zuciyata ba. Ga feshin maganin ciyawa da ake ba su su yi ba takalmi, ba ƙyallen rufe hanci. Ga ambaliya: a 2012 da 2022, da aka saki ruwan madatsar Lagdo, wanda ke kwana a bukka a bakin kogi shi ya fi kowa kusa da ruwan, shi ya fi kowa nisa da sanarwa.

A Amurka ma haka baƙin ma'aikatan gona suka sha. A 1962 Cesar Chavez da Dolores Huerta suka fara haɗa kan ma'aikatan a Kalifoniya, gida gida suke bi. Cikin abubuwan farko da suka kafa har da asusun bashi da kuɗin jana'iza. A 1965 'yan Filifin masu tsinkar inabi suka shiga yajin aiki a Delano, 'yan Meziko suka mara musu baya, ɗalibai suka bazu cikin birane suna roƙon mutane su daina sayen inabin. Sai 1970 manyan masu gonakin suka sa hannu. Shekara biyar ke nan.

Mu ba sai mun yi aro ba. Mun san gayya, mun san adashi, mun san sarkin samari. Abin da ya rage shi ne ƙafar da za ta taka zuwa fadama. A nan nake kallonku, ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Yola. Kuna da boko, kuna da waya, a cikinku akwai mai jin Fulatanci da Margi da Kamwe da Faransanci. Littafi guda da biro sun isa a rubuta jinga a gaban mai gona da ɗan ƙwadago da shaida ɗaya. Mai gona na ƙwarai ba zai ƙi ba, don shi ma yana kukan wanda ya karɓi kafin alƙalami ya gudu.

Sai dai ku ji gargaɗina. Kada ku je ku naɗa kanku shugabanninsu, kada kuma ku kai su ƙofar ɗan siyasa. Suna da dattawansu, suna da matan da ke riƙe kuɗin adashinsu. Su za su ja gaba, ku riƙe littafi. Kuma ku fara da gaida jauro da mai unguwa.

Ranin bana, kafin a fara dashe, ina roƙon kowane ɗayanku ya sami abokin tafiya, ku gangara Geriyo, ku zauna da su, ku tambaye su yadda aka biya su bara.