Jawabi Kan Ajiye Biri A Gida

A ƙasar Illo, mafarauci yakan harbe uwar biri a daji, ya kawo ɗan cikin gari. Yara su yi ta murna, maigida ya saya, a ɗaure shi a gindin itace.

To, ɗan biri ba ya tabbata ƙarami. Jan biri yakan yi shekara 20 a hannun mutane. Da ya kai shekara 4 ko 5, fiƙoƙinsa sun fito, halinsa ya sake. Mai ba shi gyaɗa kullum ma ba ya tsira daga cizonsa, balle yaron maƙwabci. Biri dabbar garke ne, ɗaurin kaɗaici ke ƙara masa faɗa.

Cizon nan ba abin wasa ba ne. Biri yana iya ɗauke da ciwon haukan kare, wanda in alamunsa suka bayyana, babu magani. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Masu fataucinsa kuma su sani, tun 1985 doka ta hana tsallakawa da biri ƙetare babu takardar izini, ko da nan Lolo ne zuwa ƙasar Binin.